Wandon Mai Karaya a Keken Inna

Shekara arba'in da 'yan kai mahaifiyata ta yi tana ɗinki a ɗakinta na Unguwar Shanu, amma ni 'yarta ta fari sai da na aurar da ɗiya kafin na san yadda ake zura zare a keke. Ba ƙiwuya ce ta hana ni ba, ita ta hana ni. Ina 'yar shekara goma, a shekarar da mahaifinmu ya rasu, ta tafi gidan suna, ni kuma na hau keken na lalata atamfar wata mata, na karya allura biyu. Da ta dawo ta yi mini dukan da sai da maƙwabta suka shigo ceto, ta ce in dai tana numfashi hannuna ba zai sake taɓa kekenta ba. Ƙanwata mai bi na ta koya a kan idona, tun ƙafarta ba ta kai mataki ba. Ni aka ce in je in yi boko, tunda hannuna na ɓarna ne.

Na yi bokon. Na sami aikin gwamnati, na auri ma'aikaci irina, muka zauna a Unguwar Rimi cikin gida mai katanga. Na kuma rama, ko da yake a lokacin ban kira abin ramuwa ba. Da aka kawo lefena, Inna ta goge kekenta ta zuba masa mai, ta ba masu kawo mata ɗinki haƙuri har na wata guda, tana jiran in miƙo atamfofin. Na kwashe su kaf na kai wa wani tela a kasuwa. Da ta tambaye ni, na ce ɗinkinta tsohon yayi ne. Daga ranar zancen ɗinki bai sake haɗa mu ba. Dama can ba ta kiran sunana, kamar yadda iyayen da can suke yi wa ɗan fari, sai dai kunyar tata ta daɗe da rikiɗewa ta koma wani abu dabam. "Ke" take ce mini, in kuma ranta a ɓace yake ta ce "ma'aikaciya".

Shekara uku da suka wuce yana ta rufe mata idanu. Likita ya ce ba za a yi aiki ba sai hawan jininta ya sauka, kuma bai kamata ta zauna ita kaɗai ba. Gidan ƙanwata a Unguwar Sarki ɗaki biyu ne da yara shida, don haka ɗawainiyar ta faɗo kaina. Ranar da aka kawo ta, har da keken aka ɗoro a bayan a-kori-kura. Maigidana yana tsaye a bakin ƙofa, bai san yadda kunnen Inna ya ƙara kaifi tun da idon ya tafi ba, ya ce a kai wannan tarkacen sito wajen janareta. Na juya na ce wa direban ya kai can. Inna tana riƙe da hannuna a lokacin. Ta zare nata, ta lalubi bango ta shiga da kanta.

Wata biyu muka yi a haka. Ba ta cin abinci da mu. Ta ce tuwon gas ba ya nuna, gidan kuma shiru kamar an yi rasuwa, tun safe har yamma ba mai sallama. In maigidan ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, sai ta amsa da "lafiya" guda ɗaya ta ja carbinta.

Ana saura kwana goma a kama azumi maigidan ya yi hatsarin mota a hanyar Zariya. Ƙashin ƙaurinsa na dama ya karye wuri biyu. Aka yi masa aiki, aka kafa masa ƙarafa ta waje daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu, abin kamar ƙaramin tsani. Aka sallamo mana shi gida da sanduna biyu da baƙin rai. Mutum ne mai son tsaf-tsaf, wanda ko shago ba ya zuwa ba hula, ga shi yanzu ba wandonsa ko ɗaya da zai wuce ƙarafan. Zane yake ɗaurawa a ƙarƙashin jallabiya. Mai gasa masa ƙafa da ke zuwa daga asibiti sau uku a mako kullum sai ya ce a ɗaga ƙafa, a lanƙwasa gwiwa, zanen kuma ya zame. Wata rana abin ya faru abokan aikinsa suna zaune sun zo dubiya. Da suka tafi ya yi jifa da kofi, ya ce in ban samo masa gajeren wandon da zai shiga ba, kada a sake buɗe wa kowa ƙofa, har mai gashin.

Na sayo na kanti manya-manya, ba su wuce ba. Na farke ɗaya ta gefe na kama da fil, fil ɗin ya buɗe ya soke shi a cinya. Sannan na ɗauki yadi na nufi teloli, azumi ya kai goma sha biyu. Telana na shekara ashirin ko kai bai ɗago ba, ya nuna mini tulin shaddodi da baki ya ce sai bayan Salla. Biyun da na je wa bayansa cewa suka yi sai sun ga ƙafar, kuma ba mai barin shago a wannan lokaci.

Ban so ba, amma da na dawo na shiga ɗakin Inna na zauna a ƙasa na faɗa mata. Ta bar ni na gama tsaf.

"Ni in ɗinka wa surukina wando? Ko da idona biyu ban yi wannan rashin ta-idon ba," in ji ta. "Kuma da me zan ɗinka? Tarkacen ai yana sito."

Na tashi na fita ina jin kamar in kurma ihu. Washegari da hantsi, na ɗauki hutu a ofis ina wanke-wanke, sai na ji ta kira "ke". Ta ce a fito da keken a sa a baranda, ni zan ɗinka, ita bakinta kawai za ta ba ni aro. Na tuna mata cewa ta rantse hannuna ba zai taɓa shi ba. Ta ce ba ta rantse ba, faɗa ta yi, kuma ba ta san akwai mai riƙe faɗan uwa shekara talatin da biyar ba sai a kaina. Maganar nan ta fi dukan ciwo. Abin da na ɗauka a ka tun ina yarinya, ita a wurinta bai kai a tuna da shi ba.

Ni kaɗai na jawo keken daga sito, ga zafin bazara ga ƙishirwar azumi. Hayaƙin janareta ya yi masa baƙi. Inna ta zauna a kujera ta bi shi da hannu tun daga kai har ƙafafu, ta tsaya inda tsatsa ta fara ci, ta daɗe yatsanta yana wurin. Ta sa na wanke shi da kananzir da tsumma sau uku, kowane karo ta shafa ta ce da saura. Ta nuna mini ramukan mai da farce. Ta sa na naɗa zare a ƙoshiya, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe zaren ƙasa, na warware, na sake naɗawa, don wai na farkon ya taru gefe ɗaya kamar ƙurji.

Ranar gaba ɗaya a taka keke ta ƙare, ba zare ba yadi. Da na taka sai ƙafar keken, wato tayar da ke motsa allura, ta juya baya. Ta ce in fara jawo ta da hannu sannan ƙafafuna su karɓa, ɗaya gaba ɗaya baya. Na kasa. Ta ce ƙanwata tana da shekara bakwai ta iya wannan cikin wuni guda, amma ma'aikaciya mai digiri ta zauna tana harbin iska kamar jaki. Daga ɗaki maigidan ya aiko muryarsa yana tambaya ko ƙaƙaf-ƙaƙaf ɗin nan ba za a bari mara lafiya ya runtsa ba. Inna ta ce, da ƙarfin da zai ji, ai masu janareta ba sa jin ƙara.

Kashegari muka yi yanka. Ta hana ni taɓa sabon yadin, ta ce in kawo tsohon zanen gado, don hannuna ta san shi. Ta sa na ɗauko wani wandon maigidan na kaftani, na ninke shi biyu, na jawo hantsar waje har ta yi tsini, na shimfiɗa shi a kan zanen gadon da shi ma na ninke. Ita ko da ɗan yatsa ba ta taɓa wandon ba, zanen gadon kawai take shafawa. Ba ta yarda da tef ɗin awo ba, da taƙi take aunawa. Ta ce in bar yatsa biyu ko'ina saboda ɗinki, yatsa huɗu a sama saboda ƙubaka inda mazagi zai shiga, in kuma ƙara taƙi guda cur a faɗin ƙafa saboda ƙarafan. Tsawon ya tsaya a saman gwiwa. Na zana da alli, na yanka. Aka sami ƙyalle biyu iri ɗaya, kowanne da lanƙwasa a gefe biyu.

Ta ce in haɗa su fuska da fuska in ɗinke lanƙwasar nan biyu. Iyakar abin da ta ce ke nan. Na ɗora, na sauke ƙafar allura, na taka. Karo na farko ke nan a rayuwata da na ga ɗinki yana fitowa a bayan allura daga hannuna, kuma ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Na bi lanƙwasar har ƙarshenta, na ga gefen yadin bai ƙare ba, na ci gaba da bi har ƙasa. Na juya ɗaya gefen na yi haka nan. Inna tana zaune taku biyu daga gare ni, tana jan carbi.

Don ɗoki ko dubawa ban yi ba, na juye shi na kai wa maigidan ya gwada faɗin. Ya ɗaga shi sama ya leƙa ta ciki. Rami ɗaya ne daga sama har ƙasa. Ya dube ni da idon da ban taɓa gani ba, ya ce wato don ya kwanta shi ne har ya kai a ɗinka masa siket. Ya wurgo mini shi a ƙirji.

Na dawo baranda na ajiye a cinyar Inna. Ta zura hannu ta fito ta ƙasa, ta ce buhu ya yi kyau, saura a ɗaure gindin a zuba masara. Na ce ai ba ta gaya mini inda zan tsaya ba.

"Na ji lokacin da kika wuce hantsar," ta ce. "Duka gefe biyun na ji."

"Kika yi shiru, Inna?"

"Kin tambaye ni?"

A nan na manta da azumin da ke bakina. Na faɗa mata abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce tun ina yarinya take jin daɗin ganin na kasa. Na ce ta zaɓi ƙanwata ta ba ta sana'a, ni ta tura ni makaranta kamar mai korar kaza daga shanya, sannan ta dawo tana yi mini gorin bokon da ita ta jefa ni ciki. Na ce a gidana take ci take sha, ina kai ta asibiti ina bin layi, ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini sannu ba. Wannan ta ƙarshen har yau ina jin kunyarta, amma na faɗa, kuma maigidan yana ji daga ɗaki.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce atamfar da na lalata, mai ita ta zo har tsakar gida ta yi mata tas a gaban 'yan haya, ita kuma ba ta da abin biya sai zane ɗaya da ya rage mata na aurenta da mahaifinmu, shi ta ciro daga akwati ta bayar. Ta ce ban taɓa tambaya ba, don ban taɓa damuwa ba.

"Ƙanwarki sau uku ina korar ta daga keken nan, sau uku tana dawowa tana kuka," in ji ta. "Ke sau ɗaya na kore ki, kika yi zuciya irin ta dangin ubanki. Kika jira sai da kika yi fuka-fuki, kika kwashe lefenki kika wuce ta gabana. Har gidan biki ana tambayata wace na ɗinka a ciki."

Ta ce a kai ta ɗaki. Ban kai ta ba, ta lalubi bango. Ranar kowa shi kaɗai ya sha ruwa. Na kai mata kunu da ƙosai na ajiye, na dawo na tarar ta sha ruwa kawai da dabino.

Da safe na fito baranda ba tare da na kira ta ba. Na sa reza na farke ɗinkin, na yanke yadin wuri biyu garin haushi, dole na sake yanka daga ragowar zanen gadon. Ina cikin sa zare sai na ji jan silifas. Ta zo ta zauna a kujerarta, fuska a gefe. Ban gaishe ta da kyau ba, ita ma ba ta nema ba. Na fara taka lanƙwasar farko, ina isa ƙarshenta ta ce, "Tsaya." Na tsaya. Haka a ta biyu. Sannan ta ce in buɗe shi in haɗa ɗinkin gaba da na baya su hau kan juna. Ina yin haka ƙafafu biyu suka fito da kansu, abin da jiya na kasa hangowa. Ta ce in bi daga bakin ƙafa ɗaya in haura hantsa in sauka ɗaya bakin, in maimaita a hantsar sau biyu don nan wando yake fara mutuwa.

Da kalma ɗai-ɗai ta kai ni har ƙarshe: juya, ninke, koma baya. Sau ɗaya zaren ƙasa ya cukurkuɗe, tun kafin in gani ta ce ƙoshiya ce ban zaunar daidai ba, sautin ya canza. Na kalmashe bakin ƙafafun, na ninke ƙubaka na bar 'yar kafa a gaba, na yi mazagi da ragowar ƙyalle na zura shi da fil. Ɗinkin ya yi ta karkacewa kamar hanyar tururuwa. Ta karɓa ta bi kowane layi da farce, ta ce in da mai kawo ɗinki ce ta ba ta wannan aikin ta mayar haka, da ta bar unguwar. Ta miƙo mini.

Ya shiga. Ya wuce ƙarafan ba tare da ya taɓa su ba, maigidan ya ɗaure mazagi ya ɗaga ƙafa ya sauke. Ya wuce ni ina tsaye. Ya dogara sandunansa har bakin baranda, karo na farko da ya yi nisa haka, jallabiya a kan wandon, ya ce, "Inna, an gode. Allah ya saka da alheri."

"A gode wa tarkace," ta ce.

Ya juya. A ɗaki ya ce mini shi bai taɓa ganin inda ake ci wa mutum fuska a gidansa yana kan sanda ba, kuma ni na ja masa. Na fito, Inna ta ce in gaya wa mutumin nawa ba don shi ta yi ba, don kada a ce 'yar tela ta bar miji tsirara ne. Na tsaya a tsakar falo tsakanin ƙofofinsu biyu, na ji duka biyun ba na son ganinsu.

Kafin Salla na ɗinka guda uku da sabon yadin, kowanne ya fi na bayansa miƙewa. Na huɗun ma har aljihu na sa masa na waya, da dabarar kaina. Inna ta daina fitowa baranda tun a na biyu, amma ƙofarta a buɗe take, kuma in na yi kuskure nakan ji ta yi tsaki. Na fara lissafa abin da zan ɗinka bayan Salla: labulen kicin, rigunan filo, wataƙila 'yar riga ga jikata. A raina na ɗauka keken ya zama na gidan.

Kwana huɗu bayan Salla ƙanwata ta iso da a-kori-kura. Ashe Inna ta sa an kira mata ita a waya tun ranar idi, ta ce gara ta kwana cikin yara shida da ta ƙara mako a Unguwar Rimi. Ƙanwata ta yi ta ba ni haƙuri da ido. Da aka zo ɗaukar keken na ce, Inna, a bar shi mana har a cire ƙarafan. Ta ce wando huɗu ya ishi mai ƙafa ɗaya. Aka ɗora shi. Maigidan bai fito sallama ba, ya ce ƙafar tana masa zugi.

Daga gidan ƙanwata aka yi mata aikin ido, ɗaya bayan ɗaya, kuma an dace. Keken kuwa ko wata biyu bai yi a can ba ta bayar da shi kyauta ga wata maƙwabciyarta ta Unguwar Shanu da mijinta ya rasu. A bakin ƙanwata na ji. Na yi sati ban je gaishe ta ba, da na je kuma ba wadda ta ɗauko zancen.

Na sayi nawa keken, sabo, ban kuma shawarci kowa ba. An cire wa maigidan ƙarafa bayan wata biyar, yana tafiya da ɗan ɗingishi. Shi da Inna sai gaisuwar Salla. Ni nakan je duk Juma'a da yamma in kai mata magani da 'ya'yan itace, mu yi maganar zafi da tsadar kaya in taso.

Watan jiya ƙanwata ta yi jika, na ɗinka wa jaririyar 'yar riga na kai ranar suna. Ana ta miƙa kayan barka hannu-hannu har rigar ta isa wurin Inna. Ta sa tabarau, ta juya ta ciki, ta tambayi wa ya ɗinka. Ƙanwata ta nuna ni. Inna ta ƙara dubawa, ta ce wuyan ya karkace hagu, ta miƙa wa ta kusa da ita. Mata suka yi dariya suna cewa tsohuwar tela ba ta raina aibi. Ni ban yi ba. Tun a gida na ga karkacewar, na ce ba mai lura. Da taro ya watse na zare rigar daga cikin kayan na sa a jaka, na zo gida na farke wuyan, ina yi ina tsaki.